Ranar da Lasifikata Ta Tona Mini Asiri

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta da wani suna da aka yi a Dumega ba. Lokacin ina ba da hayar lasifika, irin mai kama waya ba tare da igiya ba. Ana ce mini injiniya, kaina kuwa sai kumbura yake. Ran da na sayo ta a Dogon Dutsi mai kantin ya ce, "Sa mata kod, wato lambar sirri. In ka bar ta haka, duk wayar da ta taɓa shiga, da ta matso kusa za ta koma da kanta." Na ce, "Haba, mu Arawa muna rufe wa baƙo ƙofa?" Na bar ta a buɗe.

Akwai yarinyar da nake so a ɓoye, ɗiyar wani malami mai kwarjini. Burina ya ɗauke ni natsattse kafin in tura magabata. Jajibirin sunan, don burga kawai, na haɗa wayarta da lasifikar ta ji waƙa. Da safe kuma na aika mata saƙon murya.

An cika ƙofar gida maƙil, malam mahaifin nata ya karɓi makirfo zai yi addu'a. Yana bismilla muryarsa ta ɗauke, tawa ta fito raɗau: "Masoyiyata, jiya ko fura ba ta wuce mini ba." Ashe yarinyar tana cikin gida ta kunna saƙon. Da ba ta ji komai a kunnenta ba, baiwar Allah sai ta ƙure muryar wayar. "Kada ki ji tsoron Baba, gemun ne kawai, zan iya da shi."

Wayyo! Na yi tsalle zan fizge igiya, babu igiya. Injiniya guda na rasa makunni, sai na hau lasifikar na zauna, tana ta magana a ƙarƙashina. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya shafa gemunsa a hankali ya ce, "To injiniya, ga gemun, ga ka. Bismilla."

Daga baya ya ba ni auren ɗiyar tasa, bayan kawunnaina sun sha zarya suna ba da haƙuri. Har yau in na durƙusa gaishe shi sai ya shafa gemu, ni kuwa in sunkuyar da kai. A ranar na gane karamci na mutane ne. Na'ura kam kulle ta ake yi, a zaɓi mai shiga, don ƙofar da na buɗe wa kowa ta nan asirina ya fita.