Rakiyar Hajiya Zuwa Fayyum

Darrasa

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da abokin zamana Malam Bashir, da Hajiya a cikin akurki. Hajiya kyanwa ce, ko in ce haka muka ɗauka ranar da Malam ya sayo ta 'yar mitsitsiya a kasuwar Juma'a, don ɓeraye sun addabi littattafansa. Ɓerayen kam ta gama da su. Sai dai ƙafafunta suka yi ta tsawo, jela ta ƙi, baƙin gashi ya tsiro a tsinin kunnuwanta, ta kuma koma kan tantabarun mai gidanmu, Ammu Sayyid. Tsohon ya rantse da saki: kafin Juma'a ko ita ta bar gidan, ko mu. Wanda ya taɓa neman ɗaki a unguwar Darrasa ta Alƙahira ya san wannan ba abin dariya ba ne.

Dakta Hauwa, wata likitar dabbobi Bahaushiyar Sudan, ita ta warware mana. Tana ganin hoton ta ce, "Ya jama'a, wannan ai ba ta gida ba ce! Kyanwar fadama ce, Felis chaus a littafinmu. Danginsu ɗaya da ta gida, jinsi ne daban. Daga nan Masar har Indiya da gaba ake samun ta cikin ciyayin bakin ruwa, fadamun kuwa kullum ƙarewa suke. Ku kai ta Fayyum wurin masu kula da namun daji, khalas, shi ke nan."

Malam ya dafe kai. "Dakta, tun zuwanta nake alwala da ragowar ruwanta. Hukuncin kyanwa take ɗauka ko na namun daji?"

"Ma'alish, yi haƙuri Malam, wannan fatawar ta fi ƙarfin asibiti."

Tashar Munib

Nan ake hawa ƙananan bas na Fayyum, tafiyar kamar kilomita ɗari ta hanyar sahara. Direba ya nuna akurkin. "Me ke ciki, ya shehi?"

"Kyanwa ce," in ji Malam.

Hajiya ta yi wani gurnani daga can ƙasan ciki. Wata mata mai agwagi biyu a kwando ta tattara ta koma gaba ba wanda ya roƙe ta. Tunda nake a Alƙahira, ranar na fara samun kujerar baya ni da sararina.

A shingen hanya wani jami'i ya duba fasfonmu, ya sunkuya zai yi wasa da kyanwa. Hajiya ta buɗe masa baki. Ya miƙe ya ce wa direba, "Yalla, yalla." A sauran tafiyar Malam bai bar mas'alar alwala ba, yana jero maganganun malamai, ni kuwa ina gyangyaɗi.

Fayyum

Da hantsi muka sauka. Na ci wake da gurasa har na ƙoshi, Malam ko loma. Wata a-kori-kura ta kai mu gefen tafki, inda Ustaz Majdi, jami'in da Dakta ta haɗa mu da shi, yake jira. Ya ce ba yau za a sake ta ba, za ta zauna a wani babban shinge mai ciyayi har ta manta da hannun mutum. Ya ƙara da cewa irin waɗannan 'ya'yan da ake kaiwa kasuwa, galibi sai an kashe uwar ake kwaso su. 

Za a buɗe akurki sai ya ce a dakata. Ya tsuguna, ya gyara hula, ya soma yi mata nasiha da Hausa kamar an kawo amarya ɗakinta. "To Hajiya, ga gidanki. Zaman daji sai haƙuri. Ban da shiga gonar mutane, ban da kajin maƙwabta. Abin da na yi miki na kuskure ki yafe ni, wallahi ban san da zancen uwarki ba."

Ustaz Majdi ya tambaye ni ko addu'a ce. Na ce eh, wani iri ne nata. Dariya ta cika mini ciki, har sai da na ga gemun Malam ya jiƙe, sannan ta koma. Hajiya kuwa ta yi tsalle ɗaya ta shige ciyayi, ko waiwaye babu.

Gida

Mun iso Darrasa ana kiran magariba, akurki fayau. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sai Dakta Hauwa, sai matar nan mai agwagi. Ɗaki dai ya tsira. Don murna Ammu Sayyid ya aiko mana da tantabaru biyu gasassu, an cusa musu shinkafa.

Muka zauna ci. Malam ya yagi cinya, ya sauke hannu ƙasa gefen tabarma kamar yadda ya saba, yana jira. Hannun ya daɗe a wurin. Can bayan littattafai muka ji ƙwas-ƙwas, ɓera ya dawo.