Hajiyar da Goshinta Ya Ƙi Motsi

Har yau ban manta da wata safiyar Talata ba, a daminar bara waccan, lokacin ina sashen haƙori a wani asibiti a Gwarzo. Ni ba likita ba ne. Aikina wanke haƙori da cike shi, da cirewa idan likita ya ba da izini. Likitanmu, Dakta Bashir, ya tafi taro Kano, ya bar ni da Sista Hauwa, nas ɗin da ke taimaka mana.

Sai ga wata mata daga Kabo, Hajiya Rabi, mai sayar da atamfa, za ta haura hamsin. Kuncinta na hagu ya kumbura. Bayan mun gaisa na duba, na ga turmin haƙorinta na ƙasa ya ruɓe, dasashin ya tara mugunya. Na ɗan taɓa wurin, ta damƙe hannun kujera, hawaye na zuba. Amma goshinta sumul, ko gira ba ta ɗaga ba.

A aikinmu bakin mutum a buɗe yake, ba ya iya magana, don haka goshi muke kallo mu gane zafi. Na ce, "Hajiya, ɗan ɗaga mini girarki." Ta yi ƙoƙari, shiru. Sista Hauwa ta raɗa mini, "Malam Sani, anya ba shanyewar ɓarin jiki ba ce?" Muka auna jininta, lafiya lau. Hannu da ƙafa duk suna aiki, magana kuma tsaf.

"Hajiya, kina shan wani magani?"

"Babu, sai na ciwon kai."

"To me ya sami goshin nan?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce 'yarta ce ta kai ta wani shagon gyaran jiki a Kano makon jiya, aka yi mata allurar da ke miƙar da fatar fuska. "Wai na fara tattarewa. Malam, don Allah ka cire mini haƙorin nan in huta."

Nan kaina ya ɗaure. Kafin cire haƙori muna yin allurar kashe zafi a dasashi. Na san abin da ake kiyayewa ga mai hawan jini da mai juna biyu, amma wannan ban taɓa jin ta ba, ko a makaranta. In na yi tawa a kan waccan, fuskar za ta shanye? In na ƙi, kumburin nan na iya gangarowa wuya.

Na kira Dakta. Na yi masa bayani, ya ce, "Wacce iri ce? Akwai mai kwantar da tsokar fuska, akwai mai cike fata." Hajiya ba ta sani ba. Muka kira 'yarta, ita ma ba ta sani ba. Muka sami mai shagon a waya, ta ce ai mai kyau ce, daga waje ake kawo mata, amma ta yar da kwalin. Dakta ya ce in dakata zai tambayi wani malaminsa. Muka zauna jira, Hajiya na nishi.

Da ya sake kira ya ce tunda goshi ne ya daina motsi, da alama mai kwantar da tsoka ce, kuma a saninsu ba ta faɗa da allurarmu, balle an kwana biyu da yin ta. "Ka yi a hankali, kada ka danna ko ka murza mata goshi. Barin mugunyar ya fi haɗari."

"Ranka ya daɗe, ka tabbata?"

"Sani, kwalin da ban gani ba, yaya zan tabbata?"

Na mayar wa Hajiya da maganar yadda take, ban rage komai ba. Ta ce, "Bismillah, yi." Na yi allurar, leɓenta ya yi nauyi kamar na kowa, amma ranar ban ɗauke ido daga fuskarta ba. Tunda fuskar ba za ta gaya mini komai ba, muka yi da ita ta ɗaga yatsa in ta ji zafi. Haƙorin ya fita ba tangarɗa. Muka riƙe ta har leɓen ya saki, sannan ta tafi da magani. Da ta dawo a duba ta, kumburin ya sace. Har gobe ban san ainihin abin da aka tsira mata ba.

Tun daga ranar, duk wanda zan yi wa allura, mace ko namiji, sai na tambaye shi a keɓe ko an taɓa masa fuska da wata allura. Ku ma abokan aikina ku tambaya, kuma kada ku yi dariya, don wanda aka yi wa dariya ba ya ƙara faɗin gaskiya. In amsar ta fi ƙarfinku, ku ajiye sirinji ku ɗauki waya. Mutanenmu na shigowa da abubuwan da ba a koya mana ba, kuma haƙori ba ya jira sai mun koya.