Katifar Mama Tana Cikin Ledarta

Wata dattijuwa ce gajera, tabarau a karan hanci, jaka a hammata, tana tsaye gaban tarin zannuwan gado a shago. Ba ta yarda da ido ba. Kowane zani sai ta murza shi, ta goga a kumatu.

"Wanda ba ya zamewa nake so," in ji ta. "Kullum da safe a ƙasa nake tsintar nawa."

Mai shagon ya dube ta. "Mama, kin cire ledar katifar kuwa?"

Ta dafe ƙirji. "In cire? Sabuwa dal! 'Yata ce fa ta saya mini."

Da ganin hannayen nan, sun sha fitar da tsohuwar katifa rana bayan fitsarin 'ya'ya da na jikoki. Wataƙila wannan ce ta farko da ba wanda ya riga ta kwanciya a kai. Ai kuwa gumi da ƙarar leda ba za su tada mata hankali ba.

Mai shagon ya ɗauko wata shimfiɗa mai laushi wadda ruwa ba ya ratsawa. "Wannan za ta kare miki katifar. Sai ki yaye ledar, ki yi barcinki."

Tana latsawa, tana shinshinawa, fuska sai washewa take. Ta haɗa da zani mai shuɗɗan furanni.

"Naɗe mini, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

A bakin ƙofa ta waiwayo. "Ai shimfiɗar za ta hau kan ledar, ko?"