Rubutun da ke Cikin Murfin Agogo

Kullum da safe Baba Mai Agogo yakan jawo teburinsa bakin rumfa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera ƙananan sukundirebobinsa, ya maƙala gilashi a idon dama, ya zauna jira. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Yanzu jiran ya fi aikin yawa, kowa a waya yake duba lokaci, wanda ya tsaya ma batir yake so a canza masa. Hannun ya fara rawa, idon yana ruwa. Ya ce ƙarshen watan nan zai naɗe ƙyallensa, kuma wallahi babu mai ganin laifinsa.

Kafin ya tafi, bari a faɗi abin da masu rumfunan kusa suka gani da idonsu.

Wata malamar asibiti ta zo da yayanta, direba, suna tafe kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar mata tsohon agogonsa, irin mai maɓallai biyu a gefe da ake dannawa a auna daƙiƙoƙi. Agogon ya kwana biyu a hannun yayan kafin ya miƙa mata. Da wani dillali ya buɗe ya ce injin ciki ba na asali ba ne, sai ta ce yayan ne ya musanya. Wata takwas ko gaisuwa ba sa yi.

Baba ya duba rubutun fuskar agogon, ya duba lambar jikinsa, ya danna maɓalli ya kara a kunne, sannan ya buɗe bayan.

"Jiki da fuska na asali ne," ya ce. "Injin kam ba nasa ba ne."

"Ka ji ko, Yaya?" in ji ta. Direban ya sunkuyar da kai, da gani ya gaji da rantsuwa.

Baba bai rufe ba. Tsofaffin masu gyara suna da al'ada, in sun gama aiki sai su karce kwanan wata da alamarsu a cikin murfi. Ya juya murfin wajen haske, ya daɗe yana kallo, ya yi ajiyar zuciya.

"Zo ki gani, 'yata. Wannan rubutuna ne, shekara ashirin da shida ke nan. Ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye injin, na nemi irinsa na rasa, na sa wanda bai kai shi ba. Babanku ya ce in dai yana tafiya shi ke nan. Lokacin yayanki ko gemu bai fara ba."

Idonta ya cika da hawaye. Can ta miƙa wa yayan hannu ta ce, "Yaya, ɗaura min."

Baba, kai ne ka ga ƙarancin aikinka a rubuce, a wurin da babu idon da zai gano sai naka, ka karanta shi a gaban jama'a don a wanke wani. Mai ido ɗaya a gilashi, mai gaskiya ko a kan kanka, mun gode. Allah ya huta gajiya.

Ku masu gyara da kuka rage, na waya ne ko na mota, ku riƙa barin shaidar abin da kuka taɓa. Wata rana wani zai rantse har ya gaji ba a yarda da shi ba, sai an zo gare ku.