Kakana Mai-yawon-fadama

Warin taɓo ne ke dawo mini da kakana. A Makka ba a jin wannan wari sai an yi ruwa, ruwan kuwa sai a shekara ba a gan shi ba.

A unguwar Hindawiyya muke zaune a lokacin, cikin ɗakunan katako da langa-langa, mahaifina yana tuƙin tasi. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja, ta Cadi da Sudan. Tsofaffin da suka yi hanya tare da shi suna kiransa Mai-yawon-fadama, amma ba a gabansa ba. Ko a kan busasshen dutse yake tafiya sai ya fara dangwala sanda, sannan ya ɗaga ƙafa kamar mai zare ta daga laka.

Goggona ce ta gaya mini dalili. Damina ta riski ayarinsu a gefen tafkin Cadi, suka ɓace cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo. Yana riƙe da hannun ƙaramar 'yarsa ƙasa ta zurma da su. Shi ya fito, ita ba ta fito ba. Ayari ya wuce, shi kuwa ya tsaya yana zagaya fadamar har ruwa ya janye.

Shekarar da ambaliya ta shiga har cikin Harami ina yarinya ƙarama. Da hantsi sama ta yi baƙi ƙirin, kafin azahar lungunmu ya zama kogi. Sai na ji an damƙi wuyan hannuna.

"Taho," in ji kakana. "Yanzu na gane hanya." Ya kira ni da sunan da ba nawa ba.

Ruwan ya kai mini ƙirji, yana tafe da kwanuka da mushen akuya. Daga bakin ƙofa mahaifiyata take ihu: "Baba, don Allah! Ba ita ba ce!"

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga ni ya ɗora a kan katangar maƙwabta.

"Kada ki sauko," ya ce, ya ci gaba da tafiya.

Washegari aka tsinci gawarsa can gangare, cikin laka.

Yau an shimfiɗa kwalta, an haƙa magudanai, jikokina da Larabci suke mafarki. Katangar ma an rushe ta. Ni dai har na tsufa ban san wa ya ɗora a kanta ba, ni ce ko ita.