Dabbar Da Na Zana A Rumbun Inna

Wata Talata a kakar 1927, ana tsakiyar ɗaurin gero a garinmu cikin kwarin Tarka, ayarin raƙuma ya sauka daga arewa da gishiri da dabino. Madugunsu Agali abokin babana ne. Da ya gama shan fura sai ya kwance wata jakar fata, ya mirgino mana wani abu kamar gindin turmi. Ƙashin gadon baya ne, amma ya zama dutse, ni da ƙanwata Hajo muka taru muka kasa ɗaga shi. Ya ce can cikin hamada irinsa na nan jere a yashi, tsawon raƙuma goma. Muka tambaye shi kamannin dabbar, ya ce, "Ni ƙashi na tarar, mai shi ya riga ni tafiya."

Ina da shekara tara, kuma duk ƙasarmu ta Damargu babu masanin dabbobi kamata, tunda awaki bakwai da jaki ɗaya na hannuna. Dole aikin fito da kamannin dabbar ya faɗo kaina. Kwana uku ina zana ta da tsinke a bakin rijiya, shanu na zuwa suna tattake mini ilimi. Sai idona ya kai kan rumbun Inna, kakata, wanda aka yi wa sabon yaɓe, sumul, ana jira ya bushe a zuba gero. Da mata suka tafi gona, na kwaso gawayi da jar ƙasa. Na ba ta wuyan raƙumi, haƙoran kura, jelar damo, da ƙafa shida, domin na auna na ga huɗu ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Na bi rumbun da zane har jelar ta zagayo ta taɓa hanci.

Inna ta dawo ta yi salati, ta rantse damminta ko ɗaya ba zai kwana a cikin wannan abu ba. Ga gero jibge a tsakar gida, gara ta fara shinshina shi. Baba ya karyo tsumagiya, ya ce zanen mai rai haramun ne, amma a kira liman, Malam Mamman, ya yanke. In ya ce haramun, a kankare bango, a kankare ni.

Malam ya zagaya rumbun sau uku, ya ƙirga ƙafafun da carbinsa, ya daɗe a kan haƙora. Sannan ya gyara rawani ya dubi Baba. "Abin da aka hana shi ne kwaikwayon halittar Allah. Wannan kuwa Allah bai halicci mai kama da ita ba. Ku zuba geronku."

Baba ya jefar da tsumagiya, Hajo ta faɗi ƙasa don dariya. Har yau ban san ko godiya zan yi wa Malam ko ƙararsa zan kai ba. Aka zuba gero, dabbata ta yi gadinsa har damina ta wanke ta, Inna ma daga baya ta riƙa cewa shekarar ɓera bai shiga ba.

Yanzu jikokina na zuwa da littafin lakwal, makarantar boko ke nan, ga dabbar nan da launi, wai sunanta dinozor. Ina ta zana tawa a takardar siminti, suna leƙowa suna cewa, "Kaka, ba haka take ba." Gaskiyarsu, an ba su ita cikakkiya, babu abin da ya rage su ƙara. Mu ƙashi ɗaya aka ba mu, sauran duk namu ne.