Ruwan Dutse Ba Ya Sallama

Ni mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A Tsibirin Gobir aka haife ni, inda in ka hau kan rumbu ka gama ganin duniya, kuma tudu mafi tsawo da na sani ina yaro shi ne jujin bayan gidanmu. Amma ina da kaka, uwar mahaifinmu, wadda ba ta da magana sai ta dutse. In ta kama mu ni da yayana muna birgima cikin rairayin gulbi da rani, gulbin ya bushe ƙarau, sai ta biyo mu da kara tana cewa, "Ku hito nan! Ruwan dutse ba ya sallama." Mu ruga muna dariya, don babu dutsen da za ka jefi kare da shi a duk faɗin garin. In kuma damina ta kama, aka yi walƙiya can arewa, sai ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Ana ruwa gida." Alhali a tsakar gidan take tsaye. Mun ɗauka tsufa ne.

Na girma, na bi yayana zuwa Faransa, na kafa shagon shadda da atamfa a unguwar La Goutte d'Or. Allah ya yi wa yayana rasuwa, ya bar mata da ɗiya guda a garin Sevran. A hannuna yarinyar ta ƙarasa girma, ta yi karatun ungozoma, kuma ni ne waliyyinta: ba a ɗaura mata aure sai na buɗe baki na ce na bayar.

Wata Lahadi uwarta ta kira ni gida. Bayan mun gaisa ta ce yarinya ta samu miji. Yaron ya karanci aikin ruwa da rijiyoyi a Lyon, iyayensa mutanen duwatsun Abzin ne, kuma bai ɓoye ba, in an ɗaura aure can zai koma da ita, kan dutsen Bagazam.

"Bagazam?" na ce, na juya wajen yarinyar da ke zaune gefe. "Wanda ake ba da labarin dawakinshi? To ke goɗiya ce da za a kai ki can?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. "Baba, s'il te plaît, don Allah ka tahi ka ga babanshi tukuna. Après, in ka dawo, ka yanke."

Uwarta ta ce, "Alhaji, ka san al'ada. Ba a ba da ɗiya sai an bincika asali. Ka tahi ka gano muna ko su wane ne."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon raina a ɓace. Ba wai ina ƙin yaron ba ne, ban ma san shi ba. Tsoro nake ji. Na rufe yayana da hannuna a ƙasar da ba tamu ba, ga shi abin da ya bar mini ana so a ɗauke a kai inda, a sanina, babu komai sai dutse da rana. Na ƙudurta zan saurari tsohon cikin ladabi, in sha shayinsa, in dawo in ce ban bayar ba.

Yaron ya tarye ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi jakata. Maimakon gida, sai ya kai ni wani gangaren tudu a gefen gari, inda hukuma ke yanka wa mutane ƙananan lambuna. Ya nuna mini wata ƙofar katako, ya ɓace, kamar yadda ya kamata mai neman aure ya yi. Ciki na tarar da mahaifinsa, dogon tsoho siriri da baƙin rawani, yana hura gawayi a ƙarƙashin butar shayi. Ya yi shekaru yana aikin gini a garin kafin ya huta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da sanyi da labarin ƙasa, har shayin farko ya nuna. Da na kurɓa na ajiye kofi sai na shiga abin da ya kawo ni.

"Malam, ka san abin da ke tahe da ni. Ku su wane ne, kuma ina ne wurin nan da za a kai muna ɗiya?"

Ya daɗe yana kallon tsagen da ke kumatuna. "Bagobiri ne kai."

"Wannan ko makaho ya shafa ya sani."

Ya yi murmushi ya miƙe. "Taso, Alhaji. Wurinmu ba ya faɗuwa da baki."

A ƙarshen lambun, bayan kwamin albasa, ya gina ƙasarsu. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Fili ne kamar tsawon tabarma uku, ya tara ƙasa da duwatsu da tsakuwa, wasu baƙaƙe, wasu jajaye, duk ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga wuraren da ya yi aikin gini. Ni da na ɗauka Abzin katanga guda ce miƙaƙƙiya, sai na ga tsibi-tsibi ne masu zagaye, kamar tukwane a kife, da hanyoyin rairayi suna ratsa tsakaninsu. Waɗannan hanyoyi su ne korai, busassun rafuka. A gabas ya shimfiɗa farin yashi lallausa, ya ce Tenere ke nan, inda ayarin raƙuma ke bi zuwa Bilma ɗaukar gishiri. A kudu ya dasa ɗan curin laka da tsinke a tsakiya, ya ce ga Agadas da hasumiyarta.

Ya tsuguna ya dafa wani tsibi mai faɗin kai. Nan ne Bagazam, ya ce, nan aka yanke masa cibiya. Daga ƙasa in ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai baƙin bango, ka rantse ko tsuntsu ba ya kwana can. Amma in ka bi hanyar jakai ka hau, sai ka tarar da wata ƙasa a bisa: ƙauyuka, idanun ruwa, lambuna. Da sanyi ruwa kan daskare cikin buta. Baƙaƙen duwatsun kuwa, wuta ce ta fito daga cikin ƙasa tun ba a halicci mai ba da labari ba, ta huce ta zama haka. A kwaruruka ana noma alkama da tafarnuwa da dankali, ga dabino, ga lemu, ga rumman, raƙumi na jan guga daga safe yana kai da komo. Na tuna tafarnuwar Agadas da na sha gani a kasuwar Maraɗi, ban taɓa tambayar kaina a ina take tsira ba.

Sai ya nuna wasu faffaɗan duwatsu a gefe, ya ce akwai zane jikin irinsu: raƙumin dawa, giwa, shanu masu dogayen ƙaho, mutane da masu. Yana yaro yana kiwon awaki a inuwarsu. "Wurin da yanzu akuya ke wahalar samun abin baki," in ji shi. "Wanda ya zana giwa, Alhaji, ya gan ta da idonshi." Na tsaya ina kallon tsakuwar da ba ta fi tafin hannuna ba, na ji kaina ya yi ƙanƙanta. Wato akwai lokacin da hamadar nan take daji, da tafkuna da ciyawa, mutane suka rayu, suka ƙoshi har suka samu sukunin yin zane, suka shuɗe ba wanda ya san sunansu. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, kuma ba da baki kawai na faɗa ba.

Daga nan ya ɗauko butar ban ruwa. Ya karya ɗan kara ya kwantar cikin yashin wani kori, nesa da Bagazam, ya ce wannan baƙo ne ya samu wuri mai laushi ya shimfiɗa tabarma. Sannan ya shiga zuba ruwa a kan dutsen a hankali. Da fari ba abin da ya faru, ruwan ya ɓace cikin tsakuwa. Can sai ga shi ya ɓullo ta wani lungu, ya haɗu da wani, ya zama ja, ya taho da gudu ya kwashe karan ya yi gaba da shi.

"Ka gani?" ya ce. "Bisa kanshi rana tarwai, babu ko gajimare. Ruwa ya zuba can nesa, shi bai sani ba. Shi ya sa mu ba mu kwana cikin kori, ba mu barin yara wasa ciki. Ruwan dutse ba ya sallama."

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na nemi bakin kwami na zauna a ƙasa da babbar rigata, na ba shi labarin kakata da karanta da walƙiyar arewa.

Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya nuna mini wasu gutsattsarin tangaran da ya jera a gindin duwatsun, ya ce kufai ne, gidajen dutse da suka rushe da tsofaffin rijiyoyi. "Kakanninmu sun ce da sunka zo sun iske mutane nan, manoma da maƙera. Anka zauna tare, anka yi auratayya, anka yi faɗa. Daga baya sunka gangara kudu. Ku ne."

Labarin ba baƙo ba ne a kunnena. Kowane Bagobiri ya ji maroƙa na cewa mun zauna Abzin kafin mu sauko. Amma na ɗauke shi irin abin da ake faɗa ranar biki don kai ya kumbura. Ban taɓa zaton yana da ƙofa da rijiya ba, balle a ce tsoron ambaliyarsa ya bi jini har ya iso bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa ganin dutse ba.

Duk da haka Gobir ta motsa. "Wato ku kunka kore mu," na ce.

"Wasu sun ce kora, wasu sun ce fari. Ni ban kasance wurin ba." Ya gyara rawani. "Rijiya dai mun yashe ta, muna sha. In kun zo karɓa, ku taho da guga."

Muka yi dariya har na yi tari. Amma ban manta abin da ya kawo ni ba. Na tambaye shi maganar likita, da hanya, da rashin kwanciyar hankalin da muke ji a rediyo. Bai shafa mini zuma a baki ba. Ya ce wuya akwai ta, hanya ba kullum take da aminci ba. Sannan ya sa yatsa a kan wata siririyar hanya da ke gangarowa daga Bagazam. Ya ce nan matarsa ta fari ta cika, a kan jaki, ana saukowa da ita haihuwa ta gardama.

"Ɗiyarka ta san wannan," ya ce. "Nan ta tsuguna inda kake. Ita ta tambaye ni mata nawa ke hawa jakin nan har yau."

Ban sake tambayar komai ba. Da la'asar ya raka ni bakin ƙofa, ya nuna mini gabas. Can ƙarshen sama wasu fararen duwatsu sun fito, na ƙanƙara, kamar ba su taɓa ƙasa ba. Ya ce mutanen Lyon na cewa in aka gan su sarai haka, ruwa na tafe. Ya ce yakan kalle su, suna da kyau, amma ba kowa nasa a ciki.

Na koma Sevran. Uwar yarinya ta ce, "To, Alhaji, mi ka gano?" Na ce na gano asali, sai dai ba nasu kaɗai ba. Na juya wajen yarinyar na ce na bayar. Ita kuwa ta rufe fuska da gyale. Aka ɗaura aure a garin La Courneuve, aka raba goro da dabino, bayan sallah suka tafi.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. In kwana biyu suka wuce ban ji ta ba, abinci ba ya shiga, don sai ta hau wani tsauni take samun layin waya. Lahadi kuwa ta zama mini doguwa.

Wata rana cikin watan Agusta ina shago ina auna wa wata Hajiya shadda, waya ta yi ƙara. Na ɗauka, ban ji murya ba sai wani ruri mai nauyi, da ƙarar duwatsu na gungurawa, da ihun yara can nesa. Gabana ya faɗi, na shiga kiran sunanta. Sai ga muryarta ta ratso, tana haki tana dariya.

"Baba, kana ji? Kori ne ya taho! Muna bisa tudu, kowa lahiya. Baba, ana ruwa gida."

Ni na ba ta labarin kakata, na sani. Amma na ajiye almakashi, na juya wa Hajiya baya, na tsaya ina fuskantar bangon atamfa da waya a kunne, har rurin ya yanke.